Me zan koya wa masu rabon magani gida-gida game da karanta fuska da motsin jiki?

Maman Khairat, Daura

Assalamu alaikum jama'a. Rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara ya ƙarato, wanda ake yi wata-wata da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, ga 'yan wata 3 zuwa wata 59. An ɗora mini horar da sabbin masu shiga gida-gida, yawancinsu 'yammata ne da ba su daɗe da gama sakandare ba, kuma ƙauyukan Sandamu da Zango za a tura su. Ɓangaren magani a rubuce yake: ranar farko a ba yaro ƙwaya biyu a gaban ma'aikaciya, a bar wa uwa guda biyu, ɗaya gobe ɗaya jibi. To a waɗannan biyun ne gizo ke saƙa. Da wuya uwa ta ce miki "ba zan ba shi ba". Kowace "to" take cewa.

Ta yaya yarinya 'yar shekara ashirin za ta bambance "to" na yarda da "to" na a rabu lafiya? Kuma wane motsi nata ne zai iya ɓata aikin tun kafin ta buɗe baki? Na kuma ga wata takardar horo da ke cewa kashi 93 cikin 100 na saƙo ba a baki yake ba. In sa shi a darasin? Yini ɗaya kawai aka ba ni.

Gwaggo Ladi, Mai'adua

Wa alaikumus salam. Maman Khairat, fara da tambayarki ta biyu, don ita ce a hannun yaran naki. Matar gida takan gama auna baƙuwa tun daga tsakar gida, kafin a ambaci magani.

Sallama daga bakin ƙofa, a jira amsa. Wadda za a fara gaisarwa ita ce babba a wurin, ba uwar yaron da aka zo dominsa ba. In akwai uwar miji, a durƙusa har ƙasa, ba rusunawar nan ta rabi da rabi da jaka a kafaɗa ba. A cire takalmi kafin tabarma. In an miƙo kujera 'yar tsugunno alhali tsohuwa tana kan tabarma, a yi godiya a zauna gefen tabarmar, kada kan baƙuwa ya ɗara na masu gida. Mafi muni shi ne ma'aikaciya a tsaye, rajista a hagu, biro a dama, uwa a zaune tana ɗaga kai tana kallonta. Tsayuwar mai karɓar haraji ke nan, kuma amsar da ake ba mai haraji ita za a ba ta. Takarda da waya su zauna a jaka har a gama gaisuwa: kwana, gajiya, yara, maigida, ruwa. Duka bai wuce minti biyu ba, amma gaggawar cika adadin gidajen yini takan sa a datse shi, a yi asarar gidan ɗungum.

Ruwan da aka kawo a karɓa da dama a kurɓa. Wadda ba za ta iya sha ba ta karɓa, ta yi godiya, ta ajiye a hankali kusa da ita. Abin da ba a mantawa shi ne a leƙa cikin moɗa a yatsina fuska. Haka toshe hanci da gefen hijabi saboda warin turke, ko kakkaɓe tabarma kafin a zauna. Yaran ba su ma san suna yi ba sai an nuna masu.

Sai ɓangaren uwa. In an shimfiɗa tabarma, an jingine taɓarya, an juyo gaba ɗaya, ƙofa a buɗe take. In ta ci gaba da daka tana amsawa ta bayan kafaɗa, kada a yi saurin cewa ƙi ne, wataƙila 'yan gona ke jiran fura. A ce, "Ko in zagayo bayan la'asar?" Mai aiki za ta tsayar da lokaci. Mai ƙi za ta ce "duk yadda kika gani".

"To" na yarda gajere ne, yana fitowa da wuri, kuma kusan kullum tambaya na biye da shi: "Da safe ko da dare?" "In ya amayar fa?" Daga nan a dubi hannu, don a wannan aiki hannu ya fi fuska faɗin gaskiya. Wadda za ta bayar takan karɓi fakitin da kanta, ta juya shi ta duba, ta ƙulle a haɓar zani, ko ta tashi ta sa a kwanon jere inda hannun yara ba ya kaiwa. Wadda ba za ta bayar ba takan ja "tooo" a ƙasan maƙoshi, ta bar fakitin nan kan tabarma inda aka ajiye, ko ta ce wa wani yaro "ungo, kai ɗaki" ko kallon abin ba ta yi ba.

Akwai ta uku, kuma ita ce ta fi yawa. Kafin ta amsa sai ta saci kallon uwar miji, ko ta waiwayi turakar maigida ko da ba ya ciki. Wannan ba ƙi ba ce, ba ita ke da wuƙa da nama ba. Ƙara mata bayani ɓata yawu ne. A juya ga wadda aka kalla, a ce, "Inna, ke zan bar wa amanar jikan nan." In maigida ne, a tambayi lokacin da yake zama a zaure a tura namiji.

Ki kuma ja masu kunne kan alkunyar ɗan fari. Amarya mai goyon farko, musamman a gidan da ke da jinin Fulani, ba za ta kira sunan yaron ba, ba za ta yi rawar jiki a kansa a gaban surukai ba, wani lokaci ma ta kawar da kai ana ba shi magani. Yarinyar da ba ta san wannan ba sai ta rubuta "uwa ba ta damu ba". Ta damu ƙwarai, kuma tana jin komai. A yi bayanin ana fuskantar kaka ko kishiya, da muryar da uwar za ta ji.

Abu Fatima, Katsina

Hajiya, ki cire 93 ɗin nan daga darasi. Asalinsa gwaje-gwaje biyu ne da Albert Mehrabian na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya wallafa tare da abokan aikinsa a 1967. An sa mutane su saurari kalmomi ɗai-ɗai, ba jimla ba, da aka naɗa da murya iri uku, ta so, ta ƙi, da ta tsaka-tsaki, a ɗaya gwajin aka haɗa da hotunan fuska, aka ce su faɗi yadda mai maganar ke ji a ransa. Daga nan aka fitar da 7 ga kalma, 38 ga murya, 55 ga fuska, sai masu shirya bita suka haɗa 38 da 55 suka yi ta yawo da shi. Lissafin ya shafi so da ƙi ne kawai, kuma a inda baki da fuska suka saɓa wa juna. Shi kansa mai binciken ya yi gargaɗin kada a kai shi wani fagen. Ba fuskar da za ta sanar da uwa "ɗaya gobe, ɗaya jibi". Haɗarin koyar da 93 shi ne yarinya ta ɗauka murmushi ya isa, ta yi wa bayanin riƙon sakainar kashi.

Abu na biyu da za ki tumɓuke daga kansu shi ne wai wanda ya ƙi haɗa ido ƙarya yake yi. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara bincike sama da 200 kan gane ƙarya, suka tarar mutane na dacewa ne kashi 54 cikin 100, alhali canki-canka ma 50 yake bayarwa. Kawar da ido kuma ba ya cikin alamun da suka tabbata. Balle a ƙasar Daura, inda aka tarbiyyantar da ɗiya a kan ta sunkuyar da kai gaban na gaba da ita. Uwa ta dubi ƙasa tana wasa da yatsunta, ladabi ne. Ita ma'aikaciya ce ma ya kamata ta kiyaye idonta: kada ta ƙura wa dattijuwa ido ƙur. Ta riƙa kallon yaron ko fakitin, tana ɗago ido jefi-jefi.

Wanda ke da madogara shi ne abin da Gwaggo ta faɗa na jinkiri. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hirar yau da kullum cikin harsuna 10. Matsakaicinta kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne, Japanawa suka fi sauri, mutanen Denmak suka fi jinkiri, amma a duka goman amsar "a'a" ta fi ta "i" jinkirin fitowa. Hausa ba ta cikin goman, sai dai duk mai kunne ya san shirun daƙiƙa guda da ke gaban "to, wato, Allah dai ya sa mu dace".

Sharaɗin amfani da wannan shi ne ma'auni. Wata mace haka take, a sanyaye take amsa komai. Shi ya sa doguwar gaisuwa ke da amfani na biyu: a nan ma'aikaciya za ta ji saurin amsar matar, da ƙarfin muryarta, da inda take ajiye ido a kan maganar da ba ta da nauyi. Canjin da ya zo lokacin da aka ambaci magani shi ne labari. Kuma alama ɗaya ba ta isa ba. Jinkiri kaɗai ba komai. Jinkiri, da murya ta yi ƙasa, da janyo yaro zuwa cinya, da fakiti a yashe, wannan kam a tsaya a tambaya.

Tazara: littattafan horo sukan kwafo ma'aunin Edward Hall na 1966, wato ƙasa da santimita 45 na makusanta, zuwa mita 1.2 na sanayya, zuwa mita 3.6 na hulɗa. Amurkawa ya auna. Tsakanin mata a tabarma ɗaya, wajen kamu biyu ya yi, inda fakiti zai kai hannu ba sai an miƙe ba. In ta ja baya ko ta gyara zama ta ba da gefe, an matsa da yawa. Mai sanye da takunkumi kuma ta sani bakinta a rufe yake, gefen idonta da muryarta ne kaɗai ke gaisuwa. Murmushin da ya tsaya a leɓe ba ya ƙetare ƙyalle.

Malam Na-Rafindadi

Allah ya saka wa Gwaggo da Malam. Ƙari kaɗan, don masu gida da malaman ƙauye da wannan ma'aunin suke duba baƙo. Ladabin shiga gida yana Suratun Nur, aya ta 27 da 28: a nemi izini, a yi sallama, in an ce a koma a koma. Hadisin Abu Musa da ke Bukhari da Muslim ya iyakance neman izini sau uku. Ya kuma zo a Abu Dawuda cewa Manzon Allah (SAW) ba ya fuskantar ƙofa kai tsaye, yakan tsaya ta damanta ko ta hagunta. Wannan ya fi shafar namijin da ke rakiyar tawaga: ya tsaya gefen zaure yadda idonsa ba zai faɗa cikin gida ba in an ɗaga asabari. Maigida yana lura da wannan tun kafin ya amsa sallama.

Suratu Luƙman aya ta 18 da 19 ta hana karkatar da kunci ga mutane, ta yi umarni da tsakaita tafiya da sassauta murya. Suratul Muɗaffifina aya ta 30 ta zargi masu ƙifce da ido in bayin Allah sun wuce. Ki faɗa wa yaranki: biyu-biyu suke shiga gida, to kada ɗaya ta ƙifta wa ɗaya ido, ko ta yi zunɗe, ko su haɗa ido su danne dariya. Ko kan wani abin daban ne, matar gida za ta ɗauka da ita ake.

Batun shiru kuma, wasu sukan kafa hujja da hadisin da ya ce shirun budurwa izininta ne. Wannan a babin aure yake, saboda kunya. Ƙa'idar da malaman fiƙihu suka kafa a sauran al'amura ita ce ba a jingina wa mai shiru magana. Uwa ta yi shiru, kada a cike rajista da "ta amince".

Maman Khairat, Daura

Na gode ƙwarai, 93 ya fita. Saura biyu: maza da ke cikin tawagar, masu tsayawa zaure da masu sa alama a bango, me zan ce masu? Sai kuma gidan da uwar kurma ce.

Baban Walid, Zango

Hajiya, na maza a hannu yake. Musabaha da dama, ga dattijo hannu biyu tare da rusunawa, sannan a kai hannu ƙirji. Ƙarami ya yi sallama ya rage tsawo, ya bar babba ya fara miƙo hannu. Ba a fizge hannu, shi zai saki. In maigida ya ba da kan yatsu kawai ya janye, bai gusa a tabarma ya ba da wuri ba, bai cire rediyo daga kunne ba, to ba ranar dogon bayani ba ce, a koma a zo da mai unguwa. In ya yi gyaran murya ya ce "to madalla" yana neman takalmi da ƙafa, zama ya ƙare. Rakiya ma ma'auni ce: wanda ya taka maka har bakin hanya daban yake da wanda ya ce "sai an jima" daga zaune.

Lissafi da yatsu a yi hattara. Ana yawan faɗin "'yan ƙasa da shekara biyar", kuma sabon ma'aikaci zai ware yatsu biyar ya tura tafin hannu saitin fuskar mutum. Daƙuwa ke nan, ko me ya nufa. Haka alamar "dakata" irin ta 'yan sandan hanya. A haɗe yatsun, tafin yana kallon mai nunin. Kiran yaro da yafito ne, tafi yana kallon ƙasa, ba da yatsa ɗaya a sama ba. Ba a nuna babba da yatsa, ba a ƙirga yaran mutum da yatsa ana nuna kawunansu, mutane da yawa ba sa so. A ce a faɗo sunayensu. Ba a tsallake ƙafar wanda ke zaune ko yaron da ke kwance. Duk abin da za a miƙa, kati ko ƙwaya, da dama. In dama ta cika, a sauke kaya.

Mai alli ya nemi izini kafin ya taɓa bango, ya faɗi ma'anar abin da ya rubuta. Baƙo ya zana lambobi a katangar mutum ya wuce bai ce uffan ba, nan jita-jita ke samun taki.

Kurma kuma, kada a ɗaga murya, ba ya ƙara komai sai tara 'yan kallo. A tsaya ta gabanta inda haske ke kan fuskar ma'aikaciya, a sauke takunkumi. Jan hankalinta da ɗaga hannu ne ko taɓa kafaɗa a hankali, ba jifa da tsakuwa ba. Maganar hannu ta Hausa harshe ne mai zaman kansa, kuma ta bambanta da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, da ta samo asali daga ta Amurka. Saboda haka ɗan gidan da ya saba magana da ita ya fi baƙon tafinta amfani. Amma ita za a fuskanta, ba shi ba. A jera ƙwayoyin a gabanta, a nuna ɗaya, a kwantar da kunci kan tafi alamar kwana, a nuna ta gaba.

Gwaggo Ladi, Mai'adua

Malam Abu Fatima, na yarda ido ba ya kama maƙaryaci, amma kada yaran su fahimci cewa a daina duban ido. Kawar da ido daban, harara daban. Akwai hararar da uwa ke jefa wa ɗiyarta ta tsakiya a daidai lokacin da aka tambaya "an ba shi na watan jiya?" yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana. Rabin daƙiƙa ce, yarinyar ta haɗiye maganar ta maƙe a jikin bango. Ma'aikaciya ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Ta kuskura ta juya ta tambayi yarinyar, ta kunyata uwa a gidanta, ta kuma jawo wa yarinya duka. Abin yi shi ne a buɗe wa uwa hanyar fita: "Iyaye da yawa suna ce mana na rana ta biyu yana ba su wahala, yaro ya tofar ko a manta. Ku ya kuka yi da shi?" Da wannan gaskiya ke fitowa, don ba a tuhumi kowa ba.

Maman Khairat, ga yadda zan raba yinin. Da safe, awa ɗaya, shiga da zama kawai: a shimfiɗa tabarma, mutum uku su zama uwa, uwar miji da yaro, kowace ta shigo da jakarta tun daga sallama har zama. A ɗauka da waya, a kunna mata ba murya ta kalli kanta. Nan za ta ga tsakin da ta yi da fuska, da hagun da ta miƙa, da jakar da ta dire kan tabarmar sallah. Ba sai kin yi faɗa ba.

Kafin azahar, wasan "to". A rubuta wa mai yin uwa a ɓoye ɗaya daga cikin huɗu: ta yarda, ta ƙi, ba ita ke da iko ba, ko alkunya. Baki "to" kawai zai ce. Sauran su faɗi wanne ne da dalilinsu, kuma kada ki karɓi dalili ɗaya, sai biyu ko uku. Ki sa wasu zagayen da uwar mai sanyin hali ce amma ta yarda, don su ɗanɗani kuskure tun a aji.

Bayan azahar shi ne mai muhimmanci, ki ba shi lokaci mafi tsawo. Duk abin da aka karanta a jiki zato ne, sai an gwada. Ƙa'ida ta ce a lura da yaro minti 30 bayan shan magani, in ya amayar a cikinsu a sake ba shi sau ɗaya. Ko ba za a zauna duka ba, a yi amfani da mintunan farko. Kada a tambayi "kin gane?", amsarsa "na gane" ce ko da yaushe. A sa fakitin a hannun uwa, a ce, "Nuna mini wanda za ki ba shi gobe, don in tabbata ban rikita bayanin ba." Ta nuna, ta faɗi yadda za ta narka shi a ɗan ruwa a cokali ko kofi, ta faɗi lokacin. A ɗaura lokacin da abin da ba ya wucewa, kamar bayan kunun safe. Wadda ta nuna daidai ta kuma tashi ta adana, a cike kati. Wadda ta riƙe fakitin tana jujjuyawa ba ta nuna komai ba, a sake bayani da wasu kalmomin, a hankali, ba tare da an canza fuska ba. Wadda ta ƙi karɓa a hannu sam, a yi godiya, a yi sallama yadda aka shigo, a rubuta gidan cikin waɗanda mai duba aiki zai zagayo tare da mai unguwa ko ungozomar garin washegari, tun ƙwayar gobe ba ta wuce lokacinta ba.